Ƙanzon koil ya ishe ni

Kwana huɗu kacal da sa sabon koil a sigarin lantarkina, wato 'yar wayar nan mai auduga da ke yin zafi ta mayar da ruwan sigarin tururi, amma jiya da na zuƙa sai ɗanɗanon ƙonannen tsumma ya cika min baki. Na buɗe, ga waya ta yi baƙi ƙirin, ta kama ƙanzo kamar gindin tukunyar tuwo. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗi nake sawa.

Laifin na ruwan da ake zuba wa sigarin ne. Masu haɗa shi suna cika masa sinadarin zaƙi, musamman sukralos, shi kuwa ba ya zama tururi duka, ƙonewa yake yi ya manne a waya da auduga. Mai shagon da nake saye a wurinsa nan Sakkwato bai taɓa faɗa min haka ba, kullum sai ya miƙo min na mangwaro mai zaƙi kamar alewa.

Yanzu na koma ruwa marar zaƙi sosai, na rage wuta, ina kuma sararawa tsakanin zuƙa da zuƙa don auduga ta jiƙe. Sabon koil kuwa sai na ɗiga masa ruwa ya sha minti 10 kafin in kunna. Na daina barin sigarin cikin mota ma, zafin garin nan ruwan yake mayarwa baƙi.