Kwandastan da ba ya karɓar kuɗin mota

(Bayan isha'i a teburin Mai Shayi. Ɗan Boko ya jingina wayarsa da gwangwanin madara yana kallo, har da lumshe ido. Sarkin Kiɗa ya rataye kalangunsa a jikin darbejiya ya zauna. Baƙauye, wanda ya kawo gero kasuwa motar garinsu ta tafi ta bar shi, yana leƙe ta bayan kafaɗa.)

BAƘAUYE: Inna lillahi! Wa ya rasu?

ƊAN BOKO: Ba wanda ya rasu, Kawu.

BAƘAUYE: To me ya tara mutum kusan ɗari cikin baƙaƙen kaya, kowa ya ɗaure fuska?

ƊAN BOKO: Makaɗa ne. Okestira ake ce wa taron nasu. Waɗannan na birnin Biyana ne, a ƙasar Ostiriya.

SARKIN KIƊA: Makaɗa? Miƙo in gani, yaro. Makaɗa a kan kujeru kamar masu jiran fansho! Ina mai bikin?

ƊAN BOKO: Babu mai biki, Baba.

SARKIN KIƊA: To taken wa suke kaɗawa? Wa zai yi liƙi?

ƊAN BOKO: Ba a liƙi. Tikiti ake saya tun a ƙofa, a shiga a zauna a saurara.

SARKIN KIƊA: A biya kafin a ji? Ashe akwai ƙasar da makaɗi ya ci ribar zama. Mai Shayi, ƙaro madara.

MAI SHAYI: Ni ma da tikiti nake sayarwa da ban tsiyace ba. Na shekaranjiya ma ba ka biya ba.

BAƘAUYE: Ka ji sun fara! Wallahi kamar an kunce awaki ranar kasuwa.

ƊAN BOKO: Ba su fara ba, saiti suke yi. Ka ga wancan mai baƙar aba a baki? Obo sunanta. Shi zai busa murya guda, mai kaɗawa wajen sau 440 a daƙiƙa, kowa ya daidaita kayansa da ita.

SARKIN KIƊA: Obo ta ina? Algaita ce ta yi makaranta. Wancan dogon kuwa sarewa ce aka kwantar. Na baya can mai manyan tukwane tambura yake duka, ko a fada haka suke.

ƊAN BOKO: Ka kusa, Baba. Gida huɗu ne. Na gaba masu tsirkiya: biyolin, da yayarta biyola, da celo da ake sa shi tsakanin gwiwoyi, da babbansu da ya kai tsawon mutum. Da gashin wutsiyar doki suke gogawa.

SARKIN KIƊA: Goge ke nan. Kada ka wahalar da harshenka.

ƊAN BOKO: Bayansu masu busan itace, bayansu masu busan tagulla irin su kakaki da ƙaho, can ƙurya kuma masu duka. Masu gogen nan kaɗai sukan kai sittin. Ita kuwa ƙatuwar tagullar nan, tuba, mutum ɗaya ne.

BAƘAUYE: Sittin a kan ɗaya? Wannan ai taron dangi ne.

ƊAN BOKO: Muryar goge ba ta da ƙarfi. Mai kakaki ɗaya in ya cika kumatu sai ya danne goge goma. Shi ya sa ake yawaita su a sa su gaba, a kai masu ƙara baya.

MAI SHAYI: Haɗi ke nan. Ruwan zafi kofi guda, citta ɗan barbaɗe. In ka juya lissafin, mai sha ya yi ta tari.

ƊAN BOKO: Ka gama magana! Aikin mai tsara kiɗan ke nan. Shi zai ce wannan layi sarewa za ta ɗauka, goge su yi mata shimfiɗa a ƙasa. In ya dawo karo na biyu a ba ƙaho, sai ka ji kamar wani sabon abu, alhali shi ne dai.

BAƘAUYE: Shi kuma wannan mai tsinke a hannu, da ya juya wa manyan baƙi ƙeya, ƙudaje yake kora?

ƊAN BOKO: Shi ne shugabansu. Turawa na ce masa kwandasta.

BAƘAUYE: Af! Ka ce shi ke karɓar kuɗin. To ina direban?

ƊAN BOKO: Ba irin na tasha ba, Kawu. Hannun damansa ke auna sauri, na hagu ke cewa kai shigo, kai sassauta, ku ɗaga.

SARKIN KIƊA: Me yake kaɗawa?

ƊAN BOKO: Ba komai.

SARKIN KIƊA: Yana waƙa?

ƊAN BOKO: A'a.

SARKIN KIƊA: Kuma shi ake tafa wa? Shekara arba'in ina ɗaure igiyar kalangu a hamata, ashe tsinken tsire ya kamata in nema.

ƊAN BOKO: Aikin ma yana da haɗari. A Faransa a 1687, wani mai suna Lully da doguwar sanda yake buga ƙasa yana ba makaɗa lokaci. Ya kuskure ya soki ɗan yatsan ƙafarsa, ciwon ya ruɓe, ya ƙi yarda a yanke, shi ne ajalinsa.

BAƘAUYE: Allah sarki. Shi ya sa na baya suka koma tsinke.

(Ɗan Boko ya taɓa waya, ya buɗe hoton wani shafi cike da layuka da ɗige-ɗige.)

BAƘAUYE: A'uzu billahi! Hatimi! Na san ba banza mutum ɗari ke bin mai tsinke ba.

ƊAN BOKO: Rubutun kiɗa ne. Layi biyar-biyar ake ja. In ɗigo ya hau sama murya ta yi siriri, in ya sauka ta yi kauri. Farin ɗigo a ja shi, baƙi a taƙaita, in aka sa wa wutsiyarsa tuta a sake raba lokacinsa biyu. Wani malamin coci a Italiya, Guido, shi ya kafa tushen wannan tsari kusan shekara dubu da ta wuce.

BAƘAUYE: Ni dai tsuntsaye nake gani a kan wayar lantarki.

ƊAN BOKO: Daga hagu zuwa dama lokaci ne ke tafiya. Daga sama zuwa ƙasa kuma duk abin da zai tashi tare ne: masu busan itace a saman shafi, sai tagulla, sai masu duka, masu goge a ƙasa. Kowane makaɗi layinsa kaɗai ke gabansa. Kwandasta ne ke riƙe da na kowa.

SARKIN KIƊA: Tsaya. In kiɗa ya ɗauke ni fa, na ji in ƙara wani salo?

ƊAN BOKO: Sai a sallame ka. Har ƙarfin bugu an rubuta, da Italiyanci: piyano a hankali, forte da ƙarfi. Har shiru yana da alamarsa. Ka ajiye kayanka kana ƙirga a zuci, gida ɗaya, gida biyu, har wurin shigarka.

SARKIN KIƊA: A rubuta wa makaɗi shiru!

ƊAN BOKO: Akwai dogon kiɗan okestira da ake kira simfoni. Ɗauki ta tara ta Dvorak, mutumin ƙasar Cek, da aka fara kaɗawa a New York a 1893. Tafiyar minti arba'in ce, amma mai tuba sau goma sha huɗu kacal yake busawa, duk a kashi na biyu. Faya-fayan tagullan nan masu kama da murfin tukunya kuwa sau ɗaya tak ake gwara su.

BAƘAUYE: Albashin fa?

ƊAN BOKO: Cikakke.

BAƘAUYE: Rubuta sunana. Murfin tukunya dai ko a gida ina gwarawa.

MAI SHAYI: Kai da ba ka ƙirga buhunka daidai? Sai ka gwara lokacin da kowa ya yi tsit.

SARKIN KIƊA: Ita simfonin nan waƙa guda ce har minti arba'in? Ba amshi?

ƊAN BOKO: Yawanci kashi huɗu ce: na farko da sauri, na biyu a natse, na uku salon rawa, na huɗu a guje. Kuma da ɗan abu ake ginin. Wani Bajamushe mai tsara kiɗa, Beethoven, a simfoninsa ta biyar, 1808, bugu huɗu ya ɗauko, uku gajeru ɗaya dogo: ta-ta-ta-taaa. Ya miƙa wa goge, ya miƙa wa ƙaho, ya ɗaga shi, ya sauke shi, ya kifa shi, har ya tashi kashi na farko da shi.

SARKIN KIƊA: To wannan na gane. Take ne. Mutumin makaɗi ne na gaske, a gaishe shi.

ƊAN BOKO: Ya rasu tun 1827. Simfoninsa ta tara ma da kurumta ya rubuta ta. Ranar da aka fara kaɗa ta a 1824 sai da aka juyo da shi ya ga jama'a na tafi.

BAƘAUYE: (ya hau tafi) Ka ji sun tsaya!

ƊAN BOKO: Kawu, bari! Kashi na farko ne ya ƙare. Ba a tafi sai an gama duka. Ko tari ka yi sai an harare ka.

BAƘAUYE: Ba guɗa, ba rawa, ba tari. Na ce maka zaman makoki ne ka musa.

SARKIN KIƊA: Yaro, su makaɗan nan in ubangida ya riƙe su ba sallama, ya suke yi? Mu dai zambo muke sakar masa.

ƊAN BOKO: Su a takarda suke sakawa. A 1772 Yarima Esterhazy ya riƙe makaɗansa a gidan hutunsa a Hangari, watanni ba su ga iyalansu ba. Shugabansu Haydn bai ce uffan ba. Ya rubuta simfoni ta 45, ya tsara ƙarshenta yadda kowa in layinsa ya ƙare zai hure kyandirinsa ya sulale.

SARKIN KIƊA: Ɗaya bayan ɗaya? (ya sauke kalangu daga darbejiya a hankali)

ƊAN BOKO: Ɗaya bayan ɗaya. Obo da ƙaho suka fara fita, kiɗan na tafiya yana ramewa. Sai mai babban goge ya bi.

BAƘAUYE: Ikon Allah. Ci gaba, muna ji. (ya laluba takalminsa)

ƊAN BOKO: (idonsa na kan waya) Har ɗakin ya yi duhu, ya rage masu biyolin biyu kacal. Yarima ya gane saƙon, ya ba da izinin komawa gida. Kun ga hikima ko, Baba? Baba? Kawu?

MAI SHAYI: Layinsu ya ƙare. Saura mu biyu.

ƊAN BOKO: Amma ai...

MAI SHAYI: Shayi uku, biredi biyu, ƙwai huɗu, da ƙarin madarar Sarkin Kiɗa. Na shekaranjiya ma kai za ka haɗa, tunda takardar kowa a hannunka take, kwandasta.