Samari masu fesa ma janti roba a gida, ku tsaya mu yi magana

Assalamu alaikum ƙannena. Kwanakin ga duk inda ka leƙa cikin Yamai, daga Yantala har Talaje, sai ka ga mota da baƙar janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, tana sheƙi, in ka tambaya a ce ai feshin roba ne yaro ya yi da hannunshi a ƙofar gida. Ni ban ga laifin abin ba wallahi, ya ma fi fentin gaske rangwame tunda ran da ka gaji da kalar sai ka kama gefe ka ɓare ta, jantinka ta dawo yadda take. Wanda aka fi sani shi ne Plasti Dip na wani kamfanin Amurka da ke jihar Minnesota, asalinshi ma don rufe mariƙin kayan aiki irin su filaya aka yi shi kafin masu mota su ɗauke shi. Amma yadda wasunku ke yin aikin ne ke tada min hankali.

Kafin ka taɓa gwangwani, wanke jantin nan tas ka duba ta ciki da baya cikin haske. Kun san hanyoyinmu, kun san ramukan da damina ke bari, janti ta aluminiyom in ta sha duka tana iya tsagewa siriri kamar gashi, kuma robar nan tana rufe tsagar ruf ba mai gani. In tayarka na yawan sauke iska kuma mai faci ya duba bai ga ƙusa ba, to ka zargi jantin, kai ta wurin masu aikin su gani. Ka rufe tsaga da feshi ka ɗauki iyali ka hau hanyar Doso da gudu, wa ka cuta? Abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu yin haka da gangan don su saida mota, a fesa ma janti mai lahani baƙi a ce ma mai saye sabuwa ce. Dan Allah ku ji tsoron Allah. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma wanga ha'inci ba kuɗi kaɗai yake ci ba, rai ne a kan ƙafa huɗun nan. In ka fesa ka faɗi ka fesa, in akwai lahani ka nuna.

Sai maganar birki. Mafi kyau ka kwance ƙafar gaba ɗaya ka aje ta ƙasa kan kwali, kuma kar ka bar mota tsaye kan kirik kaɗai, sa mata abin tokare mai ƙarfi, yara na yawo a gidajenmu. In ka ce lalle a jikin motar za ka fesa to tura leda ta bayan janti ka rufe faifan birki da takalminshi duka, roba ba ta da abin yi a wurin. Haka ramukan da noti ke zama, da bayan jantin inda take mannewa da motar, ka toshe su kar feshi ya shiga, domin in roba ta shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe za ka ɗaure ka ji ya ɗauru, daga baya ta lotse noti ya yi sanyi. Bayan ka maida ƙafa, in ka yi tafiyar kamar kilomita 50 ka sake bi da sifana.

Shi kanshi feshin haƙuri yake so, kuma nan ne yawancinku ke faɗuwa. Ka wanke da omo ka cire maiƙo da baƙar ƙurar birki, ka goge da alkol, ka bari ta bushe sarai, in akwai ɗigon ruwa ko man sheƙin taya a jiki ba za ta kama ba. Jera katin karta ko yankakken kwali tsakanin taya da bakin janti. Girgiza gwangwani sosai, ka riƙe shi nesa kamar santimita 20, zagayen farko sama-sama, ka jira kamar minti 30, sannan ka riƙa ƙarawa har zagaye 4 ko 5 ko fiye. Kar ka yi rowa a nan. Wanda ya ce gwangwani ɗaya zai yi mishi ƙafa huɗu, ranar ɓarewa zai zauna yana tsinkar roba guntu-guntu da farce har yamma, saboda sai ta yi kauri take fitowa a haɗe. Ka lissafa kusan gwangwani guda ga kowace ƙafa, in kuɗin bai kai ba ka dakata har ya kai. Kuma ka karanta abin da ke rubuce a jiki kafin ka biya, ba duk baƙin gwangwani ba ne roba, wani fenti ne zalla wanda ba ya ɓaruwa.

Bidiyon da kuke gani a YouTube cikin garaji mai sanyi aka yi su, mu a nan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, in ka fesa cikin rana feshin na bushewa a iska kafin ya sauka, sai jantin ta fito da kaushi. Da hunturu kuma ƙura ce za ta manne. Yi da sassafe cikin inuwa ranar da ba iska, ka bar ta aƙalla awa 4, in da hali ta kwana. Daga nan ka kiyaye ta da esansi don yana narkar da ita, ka gaya ma yaran wankin mota kar su kafa ma gefenta ruwan inji kusa-kusa, kuma ka sani ƙarfen mai faci zai kwarzane ta ran canjin taya.

Abin da ke fita daga gwangwanin nan yana kama wuta kuma shaƙarshi na cutarwa, ƙaramin takunkumin takarda ba ya tare warin. Kar ka yi cikin ɗaki ko shago a rufe, kar ka yi kusa da fada ana hura gawayin shayi wani na kunna sigari. Kar ka bar gwangwani cikin mota a rana, an rubuta a jikinshi kar ya wuce digiri 50, kuma motar da ke rufe da azahar a Yamai tana kai haka. In ya ƙare kar ka jefa shi a juji inda ake cinna ma shara wuta, fashewa yake, kuma yaran unguwa ne ke tsaye a wurin.