Zanen masuntan Lamu: kyau a ido, wahala a ruwa

Wani zane da aka nuna, na kwalekwalen masunta a gaban ƙaton jirgin kwantena a tsibirin Lamu na Kenya, ya yi kyau, amma ya sa su kamar maƙwabtan da ke zaman lafiya. Ba haka abin yake ba.

Kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Lamu a 2021, an yashe ƙasan ruwa a mashigin Manda har zurfin wurin tsayawar jirage ya kai mita 17.5. Lakar da yasar ke tayarwa tana rufe murjani, sannan an sare itatuwan bakin ruwa da ake kira mkoko, inda kifi da jatan lande ke hayayyafa. Ga kuma iskar da ake kira kusi: in ta taso daga kudu maso gabas, teku kan yi hauka, ƙaramin jirgin katako ba ya iya fita fili, sai dai ya kama kifi a mashigin da yanzu ya zama hanyar manyan jirage. Shi kuwa jirgin kwantena ba ya cin birki, yakan yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, farfelarsa na tsinka taru, kuma katako bai cika fitowa a rada, na'urar hango jirage, ba. Dole masunci ya ɗaga farar fitila da dare, ya ɗaura ƙarfen da rada ke gani a saman sandar jirginsa.

A 2018 babbar kotu ta ba da umarnin a biya masunta 4,600 diyyar shiling biliyan 1.76, amma sai da suka shekara da shekaru suna jira.