Kula da tsoho ba shi ne a yi masa komai ba

Mutane da yawa sun ɗauka kula da tsoho a gida shi ne a hana shi taɓa komai: a kai masa buta, a ba shi abinci a baki, a ce "Baba, kwanta ka huta." Niyyar mai kyau ce, amma tana cutar da shi. Tsokar ƙafar tsoho na saurin zubewa idan ba ta aiki. Mako ɗaya ko biyu a kwance kan iya sa ya kasa miƙewa shi kaɗai, daga nan sai yawan faɗuwa.

Aikin mai kula, ɗan gida ne ko wanda aka ɗauka, shi ne ya taimaka a inda ƙarfi ya gaza kawai. Idan Inna na iya wanka a zaune, a ajiye mata kujera mai ƙwari a banɗaki, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a tsaya kusa, ta yi abinta. A ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a bar fitila a hanyar banɗaki da dare. Sandar dogarawa kuma, kanta ya zo daidai wuyan hannu idan mutum na tsaye.

Wanda ciwo ya kwantar, hukuncinsa daban. A juya shi duk bayan awa 2, a duba diddige, kwankwaso da ƙasan gadon baya. A fata baƙa, gyambon kwanciya yakan fara ne da wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri. Kada a murza shi. A ɗauke nauyin jiki daga kan wurin, a kira ma'aikacin lafiya.