Junoon Ba Kwaikwayon Turawa Take Yi Ba

Mutane da dama suna ɗauka cewa ƙungiyar mawaƙan Junoon ta Pakistan kwaikwayon kiɗan Turawa kawai take yi, saboda jitar lantarki da take kaɗawa. Wannan fahimta ta tauye mata haƙƙinta. Tun da Salman Ahmad ya kafa ta a 1990, tare da mawaƙi Ali Azmat, ƙungiyar ta riƙa haɗa jita da gangunan gargajiya irin su tabla, tana rera baitocin sufaye kamar na Bulleh Shah cikin harsunan Urdu da Punjabi. Damuwarta ma ta gida ce, domin waƙarta "Ehtesab", wadda ta soki cin hancin 'yan siyasa, sai da hukuma ta hana sa ta a talabijin na gwamnati.