Hutun amarci a Tsaunin Mambila: ku je, amma ba washegarin kai amarya ba

Duk wanda ya san gidan sabon aure a ƙasar Hausa ya san makon farko ba na ango da amarya ba ne. Na 'yan ganin ɗaki ne, da ƙawaye, da masu kawo gara, da abokan ango da ba sa tashi sai dare ya raba. Shi ya sa nake goyon bayan ma'aurata su keɓe 'yan kwanaki su tafi inda babu wanda zai ƙwanƙwasa musu ƙofa. Kuma ba sai an nemi biza ba. Tsaunin Mambila yana nan a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, tsayinsa kimanin mita 1,600 daga doron teku, ga sanyi, ga ciyawa shimfiɗe iya ganinka, ga shanu a kan tuddai. Sai dai tafiya ce da ke buƙatar shiri, in ba haka ba amarya za ta dawo tana cewa da ta sani ta yi zamanta a ɗaki.

Kuskuren farko shi ne lokaci. Yarinyar da ta yi mako guda tana fama da kamu da walima da kai amarya, ba barci ba abinci na kirki, ba ita za a ɗora wa tafiyar yini guda a mota ba. A bar ta ta huta, a sallami baƙi, a yi buɗar kai, a gaida iyaye. Sati biyu zuwa uku bayan tarewa ya fi dacewa. Kada kuma a ja abin ya kai wata biyu ko uku, domin idan Allah ya kawo rabo da wuri, laulayin farkon ciki da hanyar Mambila ba sa haɗuwa. A cikin shekara kuwa, na fi son ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke ko yana gab da ɗaukewa, ciyawa ba ta bushe ba tukuna. A tsakiyar damina ruwa yana iya yini yana zuba, hanyoyin ƙauye su zama taɓo, ku ƙare a ɗaki kuna kallon taga. Zuwa Fabrairu kuma ciyawa ta bushe, an ƙona wasu wurare, ƙurar hunturu ta rufe nesa.

Hanyar daga Jalingo take tashi, ta bi Garba Cheɗe, Bali, Serti, sannan Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan ake fara hawa, a bi Maisamari da Nguroje har Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar. Wanda ya taso daga Kano ko Kaduna ya kwana a Jalingo, ya kama hanya da an idar da sallar asuba. Dalili ɗaya ne: lallai hawan ya same ku da rana tsaka. Kwana ce bayan kwana, gefe ɗaya dutse gefe ɗaya rami, ga manyan motoci masu sauko da katako, da yamma kuma hazo yana iya rufe hanya har ka kasa ganin motar da ke gabanka. Ba a tafiyar dare a wannan yanki, kuma kafin ku tashi ku tambayi direbobin tashar Gembu a Jalingo halin da hanya da gadoji suke ciki a wannan makon, su ne suka fi kowa sani.

Malam ango, idan ba ka taɓa tuƙi a dutse ba, kada kunyar amarya ta sa ka gwada a nan. Ɗauki shatar mota daga Jalingo da direban da ya saba. In kuwa da motarka za ka je, makanike ya duba birki da man birki da ruwan lagireto da tayoyi har da safaya. Wajen hawa a kashe na'urar sanyi, a sa ido kan allurar zafi; idan ta haura a tsaya a bar inji ya huce, ba a buɗe murfin lagireto da zafinsa. Saukowa ta fi hawan haɗari. Mai danne birki tun daga sama har ƙasa yana dafa shi ne, man ya tafasa, ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi babu komai. A sauko da giya ta biyu, mai otomatik ya sa a L ko 2, inji ya riƙe motar, birki a riƙa taɓa shi jefi-jefi. A cika tanki a Jalingo, a ƙara a Bali ko Serti. Idan amarya mai amai ce a mota, ta zauna gaba, ta ci abu kaɗan marar maiƙo, ta sha maganin aman tafiya kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a fara hawa, ta ajiye waya ta riƙa kallon nesa. Toshewar kunne kuwa haɗiyar yawu ke buɗe ta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ina roƙon a isar da shi ga kowace amarya. Amaryar Bahaushe ba ta rabuwa da kaskon turaren wuta, dare kuma a Gembu akwai sanyi mai shiga ƙashi. Sai a ga dabara ce a cika kasko da garwashi, a rufe ƙofa da tagogi, a kwanta. Gawayi yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuma ba ya jin komai, a haka ake rasa mutum biyu a ɗaki ɗaya. A yi turare taga a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. Haka janareta, kada a yarda da ɗakin da aka ajiye shi a jikin taga. Maganin sanyi bargo biyu ne, da rigar sanyi mai kauri ga kowa, da safa da hular sanyi, da man shafawa saboda fashewar leɓe da ƙafa.

Sai zancen ruwan zafi, wanda mutane ke jin nauyin faɗa. Sababbin ma'aurata ne, akwai wanka kafin asuba, ruwan famfo a can kuma kamar ƙanƙara yake. Kafin ku biya kuɗin masauki ku tambaya ƙarara: akwai ruwan zafi da ƙarfe biyar na safe, kuma da me ake dafa shi idan babu wuta? Ku tafi da butar lantarki da babban filas, a cika shi tun da dare. Sallah ba ta faɗuwa don ana amarci. A hanya kuna kasaru, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya cika sallarsa zai yi.

Kwana uku ko huɗu a sama sun isa. Ku riƙe tsabar kuɗi, domin sabis ɗin waya yana ɗaukewa kuma tura kuɗi yana iya maƙalewa, sannan ku ware kashi ɗaya cikin uku na kasafinku kada ku taɓa, na gyaran mota ne ko ƙarin kwana. Katin shaida da takardar ɗaurin aure su kasance a jaka saboda shingayen jami'an tsaro da masauki. Wani babba a gida ya san inda kuka sauka. Wanda zai ci bashi don wannan tafiya kuwa, ya haƙura tukuna. Jos ta fi kusa da sauƙi, tana da nata sanyin, ga duwatsun Shere a gefen gari.

Kada ku cika jadawali. Wuri ɗaya a rana ya wadatar. Rana ɗaya ku je Kakara ku ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea, layi-layi kore shar a jikin tudu. Wata ranar ku sauka bakin kogin Donga a ƙasan Gembu, ko ku nemi ɗan rakiya zuwa dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa. Amarya ta bar takalmi mai tsini a gida, ta sa mai igiya wanda ke kama ƙasa, domin ciyawar safe tana da santsi. Filayen da kuke gani kamar ba mai su, duk da masu su, na makiyaya ne da manoma. A yi sallama, a nemi izini kafin a tsallaka shinge ko a ɗauki hoton mutane da shanunsu. Fulatanci ne ya fi yawo a can, amma Hausa za ta kai ku ko'ina a cikin gari.

Wasu za su ce ai sai an hau Chappal Waddi, ƙololuwa mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, a gandun dajin Gashaka Gumti kan iyakar Kamaru. Wannan tafiyar kwanaki ce a ƙafa da 'yan rakiya da kwana a tanti, ba ta amarya ba ce. Ku bar ta sai wata shekara. Ragowar lokacinku ku zauna ku sha shayi ku yi hira, waya tana jaka, abin da kuka baro gida dominsa ke nan.

Ranar dawowa ma da sassafe ake tashi, amma a jira hazo ya washe kafin a kama gangara. Tsarabar iyaye a saye ta tun jiya: ganyen shayi, zuma, da piya wadda ba ta nuna ba, domin nunanniya kafin ku isa Bali zafin ƙasa ya lalata ta.