Rai a ƙarƙashin laka

Wallahi wannan labarin na masanan Japan da suka farfaɗo da ƙwayoyin bakteriya daga lakar ƙasan tekun Fasifik ya hana ni sukuni tun safe. An haƙo lakar a 2010, an fitar da sakamako a 2020, wani sashenta ya kai shekara miliyan 101. Suka ba ta ɗan abinci a ɗakin gwaji, cikin kwana 68 ƙwayoyin suka yi ta hayayyafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yunwar wurin. A tsakiyar kudancin Fasifik ruwan saman ba ya raya tsiro sosai, ɗan abin da ke gangarowa ƙasa bai taka kara ya karya ba. Da masu ci suka yi kaɗan, ba su ƙarar da iskar oksijin ba, sai ta ratsa lakar har kan dutsen da ke ƙarƙashinta. Da ita ƙwayoyin suke numfashi a hankali, ana zaton kusan ba sa rabuwa biyu, gyaran jiki kawai suke yi.

Ina koyar da bayoloji, kullum ina ce wa yara wasu bakteriya kan ninka cikin minti 20. Gobe da wannan zan buɗe darasi. Allah mai iko.